Gidan Mutum Tara, Katin Mutum Ɗaya

Magana ta zaga Birnin Gwari cewa Manasseh, akawun da ke rajistar waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Kakangi, yana share sunayen mutane da gangan. Gida mai mutum tara sai katin abincinsa ya fito da mutum ɗaya. Har samari sun sa rana: Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, za su fito da shi daga ofis su hukunta shi.

Ni kuwa shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa karɓar amsa ba sai na ga yadda aka yi aikin. Ranar Alhamis na ɗauki sandata.

A ƙofar ofis na tarar da Abarshi, shugaban kwamitin rabo.

"Hajiya, ki koma gida," in ji shi. "Kwamfuta ba ta kuskure. In suna ya ɓace, hannu ne ya ɓatar."

"Abarshi, sau biyu ka maimaita aji huɗu a hannuna. Matsa min."

Da na shiga, Manasseh ya miƙe. "Mama, Allah shaida ne..."

"Bar rantsuwa, ɗana. Nuna min."

Masu unguwa ke turo sunayen ta waya, yadda muka saba rubuta gida: maigida a sama, sannan uwargida, sannan yara, kowa da layinsa. Shi kuma ya kwafe su gaba ɗaya, ya manna a wani siririn gurbi a kwamfuta, ya wuce. A zatonsa sauran suna ciki, ƙanƙantar gurbin ce ta ɓoye su.

Na ce ya ɗauko gidan Adawiyya mai mutum tara, wadda ta kwana uku tana bin layi, amma na sa ya juya jerin, jaririnta Ɗalha a sama. Kati ya fito: Ɗalha, mutum ɗaya.

"To, Abarshi, ga sabon maigida, watansa biyar. Ka gaishe shi."

Bai yi dariya ba. Na sa Manasseh ya jera su a layi guda, waƙafi tsakanin suna da suna. Tara suka fito.

Abarshi ya ce a bari kwamiti ya zauna mako mai zuwa. Na ce Juma'a gobe ce. Na fita, na buga sanda a ƙasa har masu bin layi suka yi shiru, na ce:

"Gurbin da ke cikin kwamfuta sunan farko kaɗai yake ɗauka, ya zubar da sauran. Manasseh bai share kowa ba."