Baƙa a Gefen Amarya

"Matso nan, 'yar albarka," in ji Gwaggo Jalila, ta jawo hannun Nabiha ta dasa ta a kujerar da ke gefen amarya.

Nabiha ta ji daɗi har cikin ranta. Amaryar, Sirin, ƙawarta ce tun suna makarantar koyon jinya a nan birninsu na Safakis, ita ce ma ta roƙe ta ta shirya waƙa ta karanta ranar lalle. Zamanta ke da wuya ta ji gwaggon amaryar tana faɗa wa wata baƙuwa, ko rage murya ba ta yi ba:

"Ai dole a samu baƙa a gefe. Mugun ido a kanta zai sauka, amarya ta tsira."

Tirƙashi! Kunnuwanta suka ɗau zafi. Ta saba da na kullum, kamar mai tasi da ke ganin baƙar fatarta ya ɗauke ta baƙuwa, yana yaba mata iya Larabci a ƙasar da aka binne kakanninta. Irin wannan sai ta koma gida ta mai da shi baiti, ta huce. Amma a gidan su Sirin? Wannan ya yi mata ciwo.

Ta sunkuya. "Sirin, da saninki?"

Sirin ta tsura wa lallen tafinta ido. "Haba, Nabiha, tsofaffi ne fa. Don Allah kar ki ɓata min rana."

Aka tsai da kiɗa, aka ce mai waƙa ta tashi. Waƙar da Nabiha ta shirya tana bakinta, cike da addu'a. In ta karanta ta, shi ke nan, ƙawance ya tsira. Ta haɗiye ta, ta tsara wata nan take, ta ce:

"Na zo da fuska, kun ga garkuwa,
Na zo da suna, kun ce laya ce.
Idon da kuke tsoro ya taɓa 'yarku,
Tun ina goye nake shan sa a gunku."

Sai wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama tafi.

"Kai, mutanen nan akwai murya!" in ji Gwaggo Jalila. "A jininsu abin yake."

Sirin kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta ɗago, kwallinta ya jiƙe, ta dubi Nabiha ido cikin ido.

"Na ji," ta ce a hankali. "Ki gaida gida."