Sunan Ɗan Farin Kulu

Jemimah tana ɗaure akwatin allurai a bayan babur a rugar da ke kusa da Kaboji, ta ji wata tsohuwa tana tambayar Kulu, matar mai rugar, "Wuyan yaron nan ya saki kuwa?"

Jemimah ta juyo da sauri.

"Wane yaro, Inna?"

Kulu ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ce ta amsa: babban ɗan Kulu ne, saurayi, ya wuce gaba da shanu tun shekaranjiya, ya nufi Jamhuriyar Benin. Ya tafi da zazzaɓi, wuya a sanƙare.

Kai, Jemimah! Haifaffiyar Rijau, ta girma tana sayen nono a hannun Fulani, amma ta manta Bafulatana ba ta lissafa ɗan fari, balle ta kama sunansa. Ta tambayi Kulu 'ya'yanta, aka nuna mata ƙanana, ta yi musu rigakafin sanƙarau, har ta buga waya ofishinsu na Kwantagora ta ce rugar lafiya lau. Ita da ta yi shekaru tana awon ciki, sai da ta yo digiri na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa aka ba ta aikin bin cuta a kan iyaka. 'Yan ofis suna ta yi mata tsiya, wai ina ruwan allura da jakadanci.

Tsoro ya kama ta sosai. Sanƙarau ba ya jira. Ta hau kan suri tana neman sabis na waya, ta kira Abel, jami'in lafiya na can tsallaken iyaka, wanda suka saba a wajen karatu. Da guntun Faransancinta ta yi masa bayani.

Ya ce, "Makiyaya sun cika mashigar nan. In ba suna, wa zan nema?"

Tsohuwar baƙuwa ce, sunan wasa kawai ta sani. Maza duk suna daji.

Jemimah ta durƙusa gaban Kulu. "Inna, ki yafe mini. In bai samu magani yau ba, ba na jin zai kai gobe."

Kulu ta dubi matan da suka kewaye su. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙo hannu a ba ta wayar.

"Yusha'u," ta ce a hankali. Ta sake faɗa da ƙarfi, ko mutumin bai ji ba.