Makaronin Anti Odessa

Odessa na goga cuku a magogi kamar da shi take faɗa, har sai da ta haɗa da fatar yatsanta. Ta ja tsaki, ta tsotse jinin, ta ci gaba. Wayarta na kan tebur tana ta ƙara, saƙonnin 'yan uwa na shigowa babu ƙaƙƙautawa, ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Ta san zancen, zancen gasa ne. Wai gasa! A danginsu, a kan makaroni da cuku.

Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke yin makaronin bikin Ranar Godiya, bikin shekara-shekara da dangi ke taruwa a ci abinci tare, kuma duk dangin Pettway da ke garin Toledo sun san wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Talotalo kowa na iya gasawa, in ya bushe a kwarara masa romo a rufa asiri. Amma makaroni da cuku ba a ba kowa. Wadda aka ba, ita ce babba a dangi ko da akwai wanda ya girme ta. Sai ga Renita, 'yar ƙaninta Cleophus, yarinyar da Odessa ta yi wa wankan jarirai da hannunta, ta dawo daga Atlanta da dogon farce da sabon salo. Wai bana a yi gasa ranar Lahadi kafin bikin, duk mai so ya dafa, a zuba a tiren gwangwani iri ɗaya don kada a san na wane ne, wanda ya yi nasara shi zai dafa na ranar Alhamis, ranar bikin.

"Don nishaɗi ne kawai, Anti," in ji Renita a waya.

"Nishaɗin gidanku," Odessa ta ce, ta kashe wayar.

Ta san inda aka dosa. Bara aka yi ta kwankwaɗar ruwa a teburin, Cleophus har da cewa wai likita ya hana shi abu mai nauyi, mutumin da ke tashi da rabin tire shi kaɗai. Gaskiya ne, tun da korona ta kwantar da ita harshenta bai koma daidai ba. Gahawa ruwan zafi ce kawai a bakinta, lemo ma salam. Ba ta gaya wa kowa ba, ina ruwan wani da harshenta? Hannunta ai bai yi ciwo ba, kuma hannun ne ya koyi girki a gindin Mama. Ta ɗebi gishiri ta barbaɗa, ta ɗanɗana, ta ji salam. Ta ƙara. Ta sake ɗanɗanawa, ta sake ƙarawa, sannan ta bi saman da garin jan tattasai kamar yadda ta saba.

Tiren gwangwanin da Renita ta aiko kuwa, saman firji ta wurga shi. Ta ɗauko kwanon tangaran na mahaifiyarsu mai shuɗin fure a gefe, wanda duk ɗan da aka haifa a dangin ya sani. In tsige ta za a yi, a tsige ta ana kallon idonta.

Bayan an tashi daga coci aka taru a gidan Cleophus, falo ya cika har kan matattakala. Ta shiga da hularta ta coci, kwanon a naɗe cikin tawul, ta dire shi kusa da tire uku da ke jere a tebur.

"Haba, Anti!" Renita ta dafe ƙirji. "Ai kin karya doka. Yanzu kowa ya san naki."

"Dokar wa? Lokacin da nake wannan girkin ko ubanki bai iya share majina ba."

"Yaya, me ya kawo ni cikin zancen?" in ji Cleophus daga kujerarsa, aka kwashe da dariya.

Odessa ba ta yi dariya ba. Ta bi tirorin da harara ɗaya bayan ɗaya. Na farko an rufe samansa da garin burodi da wani koren ganye.

"Wannan makaroni ne ko lambu?"

Na biyu ruwa ya kwanta a gefensa.

"Wannan kuma a kawo kofi, sha za a yi."

Na uku ba ta samu abin faɗa ba, ya yi ja a baki-baki yadda ake so, don haka ta kau da kai ta nemi wurin zama.

Aka yi addu'a, aka yi layi, kowa da farantin takarda a hannu yana ɗibar kaɗan-kaɗan. Renita ta raba wa kowa ƙwayar wake ɗaya, ta ajiye kofi a gaban kowane girki, kowa ya jefa wakensa a kofin girkin da ya fi masa daɗi. Odessa na zaune tana rarraba ido, zuciyarta na bugawa, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan. Ita ce yau take jiran hukuncin yaran da ta goya.

Da aka juye kofunan, ba a ma buƙaci ƙidaya ba. Nata ne cike, sauran ɗai-ɗai. Falo ya ɗauki tafi da shewa.

"Na gaya muku," Cleophus ya ɗaga murya, "da tsohuwar zuma ake magani!"

"Kai ne tsoho," ta ce, amma bakinta ya ƙi rufuwa. Wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa. Ashe dai hannun yana nan. Ta dubi Renita ta ce, "To, 'yar Atlanta, an huta?" Renita ta yi murmushin yaƙe, ta ce an huta, Anti.

Hawayen daɗi ne suka so tona mata asiri, sai ta tashi ta shiga kicin ta goge ido. Ta taka kwandon shara don ta jefa takardar, murfin ya buɗe, ta tsaya cak.

Farantai ne cike, kowanne an naɗe shi biyu an kifa. Ta san wannan naɗin. Ita ta koya musu shi tun suna ƙanana, a wajen cin abincin coci: in girkin wata bai ciwu ba, kada ka kunyata ta, ka yaba, ka naɗe farantinka ka kifa a shara. Ta sa hannu ta buɗe na sama. Makaroni ne mai jan tattasai a ka, cokali ɗaya aka yi masa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Duk nata ne, babu na kowa a ciki.

Ba ta san lokacin da ta sungumi kwandon ba. Ta fito falo ta dire shi a tsakiyar tebur, kusa da kwanon Mama. Hira ta mutu nan take, har mai kallon ƙwallo ya rage muryar talabijin.

"Cleophus."

"Na'am, Yaya."

"Dube ni. Me ke damun makaronina?"

"Wallahi babu komai, Yaya, mutane ne suka ƙoshi, kin san an..."

"Rantse da kabarin Mama."

Cleophus ya sunkuyar da kai yana murza hular hannunsa. Renita ce ta yi ta maza.

"Gishiri ne, Anti. Ba ya haɗiyuwa. Bara ma haka."

"Kuma kuka zuba min wake?"

"Mun ga kwanon Kaka, mun gan ki zaune kina kallonmu. Wa zai iya wuce shi?" in ji Renita. "Shi ya sa na ce a yi tire iri ɗaya, don ke kada ki ji kunya, mu kuma kada mu yi ƙarya. Ke kika ƙi."

Maganar ta shige ta, ta kuma ƙara hura wutar, don babu abin da ya kai gaskiya daga bakin yaro zafi.

"Sadaka kuka yi min ke nan? Ni, Odessa? Kun tafa min kamar yarinyar da ta yi waƙa a coci, ranar Alhamis in kwana a tsaye in kawo muku, ku sake naɗewa ku zuba wa shara? Shekara guda kuna gulmata a waya, an rasa mai bakin da zai zo ya ce, Yaya, hannunki ya yi nauyi. Tir da wannan ladabin naku!"

Idonta ya sauka a kan tire na uku. An sharce shi tas, har gefen da ya ƙone an kankare.

"Wannan na wane ne?"

Daga can bakin ƙofa wata ta ɗaga hannu a hankali. Shondra ce, matar Lamont ɗan Cleophus. Tun da aka auro ta Odessa ta yanke mata aikinta na biki, ta kawo faranti da ƙanƙara, aikin da ake ba wadda ba a yarda da tukunyarta ba. Ko sau ɗaya Shondra ba ta yi musu ba.

"Miƙo min cokali."

Odessa ta kankaro ɗan abin da ya maƙale a kusurwar tiren ta kai baki. Duk falon ya zuba mata ido. Ta tauna, ta juya shi a kan harshe, ta jira ko wani abu zai zo. Babu abin da ya zo, sai ɗumi da laushi, kamar ta tauna auduga. A nan ne abin ya yi mata ciwo na gaske, don ko za a yanka ta ba za ta iya cewa girkin yarinyar ya yi ko bai yi ba. Ta haɗiye, ta ajiye cokalin.

"Shondra."

"Na'am, Anti."

"Ranar Alhamis ke za ki yi. Ki yi da yawa, mutanen nan ba su da kunyar ci." Ta tura mata kwanon tangaran. "Ki zubar da na ciki, ki wanke da hannu. In kika fasa shi, ki bar garin nan."

Shondra ta rungume kwanon. Odessa ta gyara hularta, ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa, mutane na darewa.

"Yaya," Cleophus ya kira ta a raunane, "ke fa me za ki kawo?"

Ta juyo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Faranti zan kawo," ta ce. "Masu kauri, waɗanda ba sa naɗuwa."