Takalmin Inna

Tun daga bakin masauki ya lura mahaifiyarsa, Inna, na ɗingishi. Kwana na biyu ke nan da zuwansu hutu, kuma garin ba a ganinsa sai da ƙafa: lunguna ƙanana, matakala, dutse shimfiɗe ko'ina.

Laifinsa ne, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da zai sayo mata takalmin, bai kai ta kasuwa ba. Ya karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarta, kamar yadda ita take yi musu suna yara, ya kai wa mai shago. Tsinke ya faɗi tsawo, bai faɗi faɗi ba. Ita kuma ta ɓoye takalmin a kwali, ba ta taɓa sa shi ba sai ranar tafiya, wai kada ya tsufa.

"Inna, ƙafar nan na ciwo."

"Ƙafar wa? Kai dai duba gabanka."

Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban yara, mai ciwon suga ce fa. In ƙafar nan ta fashe, a asibiti za mu ƙare hutun."

Ya sani. Ya kuma san Inna ta nuna wa duk maƙwabta takalmin nan, tana cewa ɗanta ne ya saya. Ya tsaya yana juya abin a ransa. Wanne ne biyayya, ya bar ta da abin da take alfahari da shi, ko ya ɓata mata rai don ƙafarta ta tsira? Haushi ya kama shi. Mutum ya yi kyauta, kyautar ta koma tana cin naman uwarsa, kuma ba shi da bakin magana!

A wani benci gaban kantin magani ya zaunar da ita, ya durƙusa ya zare takalmin tana ture masa hannu. Ƙaramin yatsan ya yi bororo, ya ɗuri ruwa, saura kaɗan ya fashe.

"Wannan ne ba ciwo, Inna?"

"To likita. Mayar mini da abina."

Ya shiga kantin ya sayo filasta da safa mai laushi da reza. Matarsa ta wanke yatsan ta rufe shi. Shi kuwa ya ɗora takalmin a gwiwa ya tsaga gefensa, dama da hagu.

Inna ta yi salati. "Sabo fil! Kai wane irin ɗa ne?"

"Irin wanda kika haifa. Sa mu gani."

Ta sa, ta miƙe, ta taka sau ɗaya, ta sake takawa. Sai ta gyara mayafinta ta wuce gaba, ba ɗingishi ko kaɗan, har suna sauri kafin su cim mata. Har suka kai ƙarshen matakalar ba ta ko kalle shi ba. Ruwa ma da ya miƙa mata, sai da ya bi ta hannun matarsa ta karɓa.