Kashi Goma Sha Bakwai

Layin da ke kan allon kwamfutar ya tsaya a kashi goma sha bakwai tun da hantsi, ga shi har rana ta take bai ƙara ko taku ɗaya ba. Fankar cikinta sai gurnani take yi, tana fesa iska mai zafi a kan teburin cin abinci.

Yaya ta tsaya a kan ƙanenta, hannu a ƙugu. Injiniya ake ce masa a gidan, ba don ya karanci aikin ba, sai don ya taɓa kwance rediyon Baba ya mayar, kusoshi uku suka yi saura. Shi ya kawo shawarar a sauke tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, a ɗora wata ta kyauta daga cikin filashi, wadda ya rantse ko matacciyar na'ura tana tayarwa.

"Ka dai kwashe na Mama ko?" in ji ta.

"Haba Yaya, sau nawa zan faɗa miki? Suna cikin ɗayan filashin, ga shi nan a aljihuna."

Na Mama guda arba'in da ɗaya ne. A shekararta ta ƙarshe, da ciwo ya kwantar da ita, takan sa a ɗora mata kwamfutar a cinya ta ɗauki muryarta: nasiha ga jikoki, faɗa ga Injiniya, yadda ake fitar da tabon mai daga riga, sai dariyar nan tata da tari ke katsewa. Baba, da idanunsa suka dushe, kullum da yamma sai an kunna masa guda ɗaya. Ita ke nan hirarsa.

Babu dabarar da Injiniya bai gwada ba. Ya sauya wa filashin manhajar rami, ya cire batir ya mayar, ya ɗora kwamfutar a kan kofuna biyu wai ta sha iska. Duk lokacin da ya kunna, sai ta taho da gudu kamar da gaske, ta zo goma sha bakwai ta toge.

"Matsa," Yaya ta ce. Haushinsa take ji, kuma ta daɗe tana jiran ranar da za ta nuna masa iyakarsa.

Ta zauna da wayarta, tana bin koke-koken masu irin wannan tsohuwar na'ura ɗaya bayan ɗaya. Can ta ci karo da wani da ya ce manhajar na maƙalewa ne wurin lalubar na'urar kama intanet, a kashe ɗan maɓallin da ke gefe kawai. Ta shafa gefen kwamfutar, ta same shi, ta tura da farce, ta sake kunnawa.

Sha bakwai. Sha takwas. Ashirin.

"Ka gani, Injiniyan gida?" ta ce, daɗi har cikin ranta.

Sai allon ya fito da gargaɗi: za a share duk abin da ke cikin kwamfutar, a ci gaba? Ta ɗan dubi aljihun ƙanenta, ta danna da yatsanta.

Cikin rabin awa aka gama. Ta karɓi filashin ta soka. Ga jakar muryoyin Mama nan da sunanta, da wata 'yar kibiya a kusurwa. Ta danna, ba ta buɗe ba. Ta sake dannawa. Allon ya ce babu abin da ake nema.

"Yaya aka yi ka kwashe su?"

"Jawo ta na yi daga fuskar allo, na jefa a ciki. Nan take ma ta shige."

"Murya arba'in da ɗaya, nan take?"



Ta kira mai gyara a waya, ta zayyana masa komai. Ya ce mai kibiyar nan ba jaka ba ce, alama ce kawai mai nuna inda jakar take. Sannan ya tambaya a ina aikin ya tsaya da farko.

"A sha bakwai."

"Kash! Ai a nan ba ta taɓa komai ba tukuna. Da kun bar ta a tsaye kun kawo min, minti biyar na ciro muku su. Yanzu sabuwar ta kwanta a kansu. Ku kashe ku kawo, amma ban yi alkawari ba. Wa ya tayar da ita?"

Yaya ta katse wayar. Ta so ta rufe Injiniya da zagi, zagin ya zo har maƙogwaro, amma idonta ya faɗa kan farcenta, sai ta haɗiye. Fankar ta yi shiru, kwamfutar na aiki sumul kamar sabuwa.

Daga ɗaki aka ji ƙarar sanda a ƙasa, sai muryar Baba.

"Na ji kina dariya ɗazu, an gyara ke nan. Madalla da 'yata. To, zo ki sa min wadda take yi wa wannan ja'irin faɗa."