Wanda Ya Nuna Gidan Dauda

Rahmatu ta haura sittin, kuma tun tana budurwa take zuwa 'yar majami'ar kwanon nan da ke bayan ƙauyensu, kusa da hanyar Makoda. Kiristocin garin ba su kai gida ashirin ba. Ƙarshen damina 'yan bindiga suka shigo da rana tsaka, suka kora shanun noma, suka harbe Dauda, mijin 'yarta Asiya, a bakin garkensa. Maƙwabtansu Musulmi ne suka taya su haƙa kabari. Asiya ta dawo ɗakin uwarta da ciki wata shida.

Bayan mako uku, Malam Ishaya mai bishara ya karanta musu annabcin da aka yi a kan Edom. Ya ce mutanen Edom 'yan'uwan jama'ar Allah ne, amma ranar da abokan gaba suka zo sai suka tsaya a mararraba suna kama masu gudu suna miƙa su ga maharan. Saboda haka Allah ya yi alkawarin mayar musu da aikinsu a kansu. Asiya ta ce amin da ƙarfi har mata suka waiwayo. Kowa ya san wani ne ya nuna gidan Dauda, domin maharan kai tsaye suka nufe shi.

Washegari Rahmatu tana tsinkar gyaɗa a gona sai ga babban ɗanta Habila, mai sana'ar acaɓa. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ranar nan a hanya suka tare ni. Ɗaya ya sa min bindiga a wuya, ya ce in nuna gidan mai shanu. Na zaci shanun kawai za su kora. Ban san yana gida ba, Inna."

Ta zauna a kan kunyar gonar.

"Abin da Malam ya karanta jiya, har da ni?"

Ta so ta mare shi, ta so ta rufe shi da mayafinta. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Da la'asar ta sami Malam Ishaya yana gyaran darni. Ta tambaye shi, in mutum ya nuna hanya da bindiga a wuyansa fa?

Ya dube ta, ya sunkuyar da kai. "Inna Rahmatu, Allah mai gafara ne, wannan na sani. Amma sai mutumin ya tsaya gaban wadda ya cuta ya faɗa da bakinsa. Ni ba zan iya yi masa ba, ke ma haka."

Ta kai wa Habila saƙon. Ya ce to. Sau biyu yana zuwa ƙofar ɗakin Asiya, ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya juya. Kafin a yanke dawa ya ɗaure kayansa a bayan babur ya tafi Kano, wai can aikin ya fi tafiya.

Kullum da safe Asiya takan roƙi Allah kada ya bar wanda ya nuna gidansu, ko waye shi. Rahmatu ba ta iya hana ta, ba ta kuma iya taya ta. In Asiya ta tambayi abin da ya hana ta cewa amin, sai ta ce maƙogwaronta ne ke ciwo.

Cikin watan Janairu Asiya ta haifi namiji. Ran kwana biyar ta miƙa wa uwarta waya.

"Inna, kira min Yaya Habila. Yaron nan ba shi da uba sai shi. Ya zo suna, gonar ma shi nake so ya riƙe masa."

Rahmatu ta fita tsakar gida ta kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, aka ce a kashe take.

"Ya ɗauka?" in ji Asiya daga ɗaki.

"Wataƙila yana kan hanya da fasinja," in ji Rahmatu. Ta tsaya jikin rumbu da wayar a hannu, ta kasa komawa ciki.