Furar Kalilu Mai Ɗaci

Hawan jinin Hajo ba shi da alƙibla. Ran Litinin Firdausi, ma'aikaciyar jinya a asibitin garin Isa, ta ɗaura mata awo, ɗari da talatin, lafiya lau. Ran Alhamis ɗari da casa'in! Sati shida ana wannan lilo.

"Inna, kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha, ɗiyata."

Firdausi ta ƙirga ƙwayoyin, ga su suna raguwa ɗaya kullum. Abin ya ɗaure mata kai. "Wannan hawa da sauka nike tsoro, Inna. Shi ka gajiyar da jijiya, wata rana ɓarin jiki ya shanye."

Hajo ta san ciwon nan. Uwarta shekara huɗu ta yi kwance ana juya ta. A motar komawa gida ta kasa zama wuri guda, ta kwance ɗankwali ta ɗaura ya fi sau biyar.

Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ta faɗa. Mijinta Kalilu makiyayi ne, shi ma ƙeya na sara masa, yakan dafe kai bayan garke yana zaton ba a gani. Asibiti? Tab! Mutumin da kunama ta harba bai ce wash ba. Sai Hajo ta yi dabararta: yau ta haɗiye ƙwayar, gobe ta niƙa ta dama masa a fura. Rai biyu, magani ɗaya, Allah ya gani.

Da la'asar ta same shi gindin aduwa yana tufkar igiya. Ta durƙusa.

"Malam, akwai abin da za ni gaya maka."

Ta zayyane masa duka, idonta a ƙasa.

"Ashe shi ne ɗacin," in ji shi. "Na ɗauka tsufa ne ya taɓa hannunki. Duk ranar da ta yi ɗaci, bayan garke nike zubar da ita, in maido miki ƙwarya ba komai, kar ki ji kunya."

Hajo ta dafe ƙirji. Sati shida tana raba lafiyarta biyu, ashe ƙasa ke shan rabi! Hawaye suka zubo mata, haushi da tausayi suka cakuɗe.

Kalilu ya ajiye igiyar, bai dube ta ba.

"Wace rana kike komawa awo? A tsaida mana wuri biyu a mota."